Raini, kushe ko ɓata suna: wace za ka ɗauka tsakanin belittle, disparage, denigrate da danginsu?

Duk mai rubutu da Turanci, ɗalibi ne mai shirin jarrabawar WAEC ko JAMB, ɗan jarida ne, ko ma'aikaci mai rubuta takardar koke, wata rana zai buƙaci ya ce wani ya rage wa wani daraja. Da ya buɗe ƙamus sai ya tarar kalmomi sun yi jerin gwano: *belittle, disparage, denigrate, deprecate, depreciate, demean, degrade, debase, devalue, decry*. An jera su wuri guda tamkar ma'anarsu ɗaya ce, shi kuwa mai rubutu yakan ɗauki wadda ta fi tsawo ko wadda ta fi daɗin faɗa. Daga nan ɓarna take farawa, domin wasu daga cikinsu zargi ne mai nauyi, wasu kuma ba a ma ɗora su a kan mutum.

Bai kamata wannan ya ba Bahaushe wahala ba, don a harshenmu ma muna rarrabewa. Wanda ya raina ka daban, wanda ya kushe aikinka daban, wanda ya ɓata maka suna daban, wanda ya wulaƙanta ka a bainar jama'a shi ma daban. Tela ba zai je gaban mai unguwa ya ce an ci mutuncinsa ba don kawai wani ya ce ɗinkinsa bai zauna ba. Kunnen da muke jin wannan bambanci da shi a Hausa shi za mu kai wa Turancin.

Tambayar da ta fi raba gardama ita ce wannan: darajar ta faɗi da gaske, ko kuwa da baki kawai aka sauke ta? Idan abin yana nan da darajarsa, wani ne kawai yake magana kamar ba shi da ita, kana cikin gidan *belittle, disparage* da *denigrate*. Idan kuwa abin ya ragu a zahiri, kuɗi ya karye, mota ta tsufa, mutum ya zubar da girmansa, to ka koma gidan *depreciate, devalue, debase, degrade* da *demean*. Wanda ya riƙe wannan ya tsallake fiye da rabin kurakuran da ake yi.

Mu fara da *belittle*, don ita na fi ba mutane shawarar su riƙe. Ma'anarta tana cikin jikinta: *little*, wato ƙarami. Ka mayar da abu ƙarami, ka nuna bai taka kara ya karya ba, alhali ya fi yadda ka faɗa. Wannan shi ne raini ko ƙasƙantarwa. An fi danganta shigowarta Turanci da Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na uku. Wani masanin halittu ɗan Faransa mai suna Buffon ya yi iƙirarin cewa dabbobin nahiyar Amurka sun fi na Turai ƙanƙanta da rauni. Jefferson ya mayar masa da martani a littafin da ya rubuta kan jihar Virginia, kuma a nan ya yi amfani da *belittle* don ya ce Buffon yana ƙanƙantar da halittun wannan ɓangare na duniya. Abin ya dame shi har sai da ya sa aka kai wa Buffon fata da ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba dangin barewa da ake kira *moose* a Faransa, ya gani da idonsa. Lokacin da littafin ya fito a Landan a 1787, wata mujallar Ingila ta yi wa kalmar ba'a, ta ɗauke ta gurɓataccen Turancin Amurkawa. Yau babu wanda yake ganin ta baƙuwa.

Ana cewa *he belittled her efforts*, ya raina ƙoƙarinta, ko *she felt belittled*, ta ji an ƙasƙantar da ita. Tana hawa kan mutum, tana hawa kan aikinsa da nasararsa da damuwarsa. Ta dace da hira, ta dace da rahoto, ta dace da takardar ofis. Kuma ita ce kalmar da ta fi kama abin da ke faruwa tsakanin mutanen da suke tare kullum: maigida da yaronsa, miji da matarsa, malami da ɗalibi. Raini irin wannan ba lallai ya zo da zagi ba. Yaro ya kawo sakamako mai kyau a ce masa ai jarrabawar ce ta yi sauƙi, an yi masa *belittle* ke nan, kuma yakan daɗe yana jin zafinsa.

*Disparage* ta fi kusa da kushe. Mai *belittle* cewa yake abin ƙarami ne, mai *disparage* kuwa cewa yake abin ba shi da inganci, bai kai sa'o'insa ba. Asalinta ma daga batun sa'a da tsara ta fito. A tsohon Faransanci *parage* na nufin matsayin dangi, kuma a yi wa mutum *disparage* shi ne a aurar da shi ga wanda bai kai shi asali ba. A yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, wadda manyan Ingila suka tilasta wa Sarki John ya amince da ita, akwai sharaɗin cewa za a aurar da magada ba tare da an yi musu wannan ƙasƙancin ba, domin sarki yakan aurar da marayun manya da ke hannunsa ga duk wanda ya biya shi. Wanda ya karanta babin kafa'a, wato dacewar miji da mata ta fuskar matsayi, a fiƙihun aure zai gane damuwar nan take. Ma'anar auren ta shuɗe, amma inuwarta tana nan: duk inda aka ce *disparage*, akwai awo da ake yi a ɓoye, ana nuna wannan bai kai wancan ba.

Ta fi *belittle* shigar ofis da kotu. Ita ake ɗora wa kaya da sana'a da abokin gasa: ɗan kasuwa ya kushe kayan maƙwabcinsa, marubuci ya kushe aikin ɗan'uwansa. An fi jin ta a siffar *disparaging remarks*, kalaman kushe, kuma sau da yawa kushen a fakaice yake zuwa, da shaguɓe ko taɓe baki. Ga wani abu da ya kamata duk mai sa hannu a takardar aiki ya sani. Wasu kamfanoni suna sa sharaɗin da ake kira *non-disparagement clause*, wato alkawarin ba za ka faɗi abin da zai rage wa kamfanin ƙima ba. Wannan sharaɗi yakan haɗa har da maganar da take gaskiya, domin kushe ba sai da ƙarya ba. A Amurka sai da aka yi doka a 2016 da ta hana kamfanoni ɗaure masu sayen kayansu da irin wannan sharaɗi don su hana su faɗin ra'ayinsu.

*Denigrate* ta fi biyun nan nauyi nesa ba kusa ba. Daga Latin ta fito, inda take nufin baƙanta abu, a shafa masa baƙi. Hausa tana da abin da ya yi daidai da ita: shafa wa mutum kashin kaji. Ba girman aikinka ko ingancinsa ake taɓawa ba a nan, sunanka da halinka ake nufi, kuma kalmar da kanta tana ɗauke da hukuncin cewa abin da aka yi zalunci ne. Idan ka rubuta *the senator denigrated the teachers*, ka riga ka yanke cewa sanatan bai yi adalci ba. Shi ya sa ɗan jarida mai kawo labari tsagwaronsa ya kamata ya yi hattara da ita. Idan abin da sanatan ya yi suka ce kawai, *criticised* ta wadatar, mai karatu ya yanke hukunci da kansa. An fi amfani da *denigrate* idan abin ya shafi jama'a guda: ƙabila, addini, mata, masu wata sana'a. Akwai kuma masu ƙyamar kalmar, musamman a Amurka, saboda yadda asalinta ya haɗa baƙi da aibi. Galibin masu karatu ba sa kawo wannan a ransu, amma yana da kyau ka san da shi idan kana rubuta wa mutanen can.

Bari mu ɗora ukun a kan abu guda don bambancin ya fito. A ce wata baiwar Allah ta buɗe ajin yamma a unguwa tana koya wa matan aure karatu. Mutum na farko ya ce: ai ɗan aji ɗaya ne, me aka yi a ciki? Wannan ya yi *belittle*. Na biyu ya ce: karatun nasu ba shi da inganci, malaman ma ba su ƙware ba, na unguwar gaba ya fi. Wannan ya yi *disparage*. Na uku ya ce: ku rabu da ita, neman suna take, ba don Allah take yi ba, irinsu ne masu lalata gidajen mutane. Wannan ya yi *denigrate*. Idan da na huɗu da ya tuntsire da dariya yana kwaikwayon yadda matan suke haɗa baƙi, shi *deride* ya yi, daga kalmar Latin mai nufin dariya, wato izgili. Ajin yana nan yadda yake, ba abin da ya ragu a cikinsa. Bakin mutane ne kawai ya sauke shi, kowa ta hanyarsa.

Yanzu ga tagwayen da suka fi rikita mutane, har da Turawan kansu: *deprecate* da *depreciate*. Harafi ɗaya ne ya raba su a rubutu, amma asalinsu ba ɗaya ba ne. *Deprecate* daga kalmar addu'a ta fito, roƙon a kawar da wani sharri, daga nan ta koma nuna rashin amincewa da abu. Wanda ya ce *we deprecate the use of violence* yana nufin ba mu yarda da tashin hankali ba, muna ƙin sa. Wannan amfani ya tsufa, sai a jawaban manya da tsofaffin takardu. Wurare biyu ne kalmar take da rai sosai a yau. Na farko *self-deprecating*, mutumin da yake sauke kansa da kansa, yawanci cikin raha ko tawali'u. A da *self-depreciating* ake cewa, amma ɗayar ta rinjaye ta. Na biyu a fagen kwamfuta: idan masu manhaja suka ce wani umarni ya zama *deprecated*, suna nufin har yanzu yana aiki amma an daina ba da shawarar amfani da shi, kuma wata rana za a iya cire shi. Haka aka yi wa alamar *font*, mai tsara siffar haruffa, a ƙa'idar rubuta shafukan intanet ta HTML 4 a 1997. Ban da waɗannan wurare biyu, shawarata ita ce ka bar *deprecate* inda ka gan ta. Duk abin da kake so ka faɗa da ita, wata kalmar za ta faɗe shi a fili.

*Depreciate* kuwa daga kalmar farashi ta fito, kuma a nan ta tsaya. Kadara ce take *depreciate*: mota, inji, kwamfuta, kuɗin ƙasa. Galibi ba a cewa wani ya yi wa abu, abin ne da kansa darajarsa take raguwa: *the car has depreciated*. Masu lissafin kuɗi suna da nasu amfani na musamman. Idan kamfani ya sayi mota ta naira miliyan 10 yana sa ran za ta yi masa aiki shekara 5, a hanya mafi sauƙi akanta zai riƙa rage miliyan 2 daga darajarta a littafi kowace shekara, wannan ragin shi ne *depreciation*. A tsohon Turanci akan ce wani ya yi *depreciate* ɗin ƙoƙarin wani, da ma'anar raini, amma idan ka rubuta haka yau mai karatu zai ɗauka kuskure ka yi.

Bambancin da ya fi shafar aljihunmu shi ne tsakanin *depreciate* da *devalue*, kuma masu fassara labaran tattalin arziki su ya fi kamata su kiyaye shi. *Devalue* aikin hukuma ne, da gangan, a rana sananniya: gwamnati ko babban banki ya karya darajar kuɗi. *Depreciate* faɗuwa ce da kasuwa take jawowa. Mutanen Nijar sun ga *devaluation* ƙarara a watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da yake daidai da sefa 50 ya koma sefa 100 a dare ɗaya. Birtaniya ta yi irin wannan a Nuwamban 1967 zamanin Firaminista Harold Wilson, fam ya sauka daga dala 2.80 zuwa 2.40. A Najeriya an karya naira a 1986 ƙarƙashin SAP, shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida. A Yunin 2023 kuma Babban Bankin Najeriya ya saki naira ga kasuwa, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 600 a farashin hukuma cikin yini guda. Matakin ranar hukuma ce ta ɗauka, shi ya sa jaridu da yawa suka kira shi *devaluation*, zamewar da naira ta ci gaba da yi a watannin baya kuwa *depreciation* ce. A Hausa ma haka ya kamata a raba: an karya darajar naira, ko darajar naira ta faɗi. Na farko yana da mai aikatawa da za a tambaya, na biyu ba ya nuna kowa. Mai fassara da ya musanya su ya ɗora wa gwamnati abin da ba ta yi ba, ko ya wanke ta daga abin da ta yi.

*Devalue* takan fita daga kasuwa ta hau kan wasu abubuwa, kamar a ce yawan satar jarrabawa ya karya darajar takardar shaida. A nan ma darajar ta ragu da gaske, ba magana ba ce kawai.

*Debase* ita ce algus. Asalin aikinta a kan tsabar kuɗi ne, a rage azurfa ko zinariya a cusa ƙarfe mai araha. Sarki Henry na takwas na Ingila ya fara haka gadan-gadan a 1544 don ya biya kuɗin yaƙe-yaƙensa, kuma zuwa 1551, zamanin ɗansa Edward, azurfar da ke cikin wasu tsabobin ta sauko daga sama da kashi 92 cikin ɗari zuwa kashi 25. Azurfar saman takan goge a kan hancin hoton sarkin, jan ƙarfen ciki ya bayyana, har mutane suka yi masa laƙabi da mai hancin tagulla. Don haka idan aka ce an yi *debase* ɗin harshe ko siyasa ko al'ada, ana nufin an gurɓata ta daga ciki, sunan yana nan amma ainihin ya tafi.

Saura biyu da suka shafi mutunci, *demean* da *degrade*. *Demean* zubar da girma ce. Ana cewa *a demeaning job*, aikin da yake zubar da girman mai yin sa, ko *I will not demean myself by replying*, ba zan zubar da girmana in tanka ba. Ta fi *belittle* zafi, domin *belittle* na iya tsayawa a kan aikinka, *demean* kuwa kai kanka take taɓawa. Kada kamannin rubutu ya ruɗe ka da *demeanour*, wadda take nufin yanayin mutum da kamun kansa: daga wani tushe daban ta fito, babu ƙasƙanci a cikinta.

*Degrade* ta fi duka tsanani idan a kan ɗan Adam aka ɗora ta. Tushenta mataki ne, a sauko da mutum daga matakinsa. A da sauke muƙami take nufi a zahiri, kamar yadda aka yi wa hafsan sojan Faransa Alfred Dreyfus a Faris ranar 5 ga Janairun 1895, aka yage alamun muƙaminsa aka karya takobinsa a gaban jama'a bisa zargin cin amanar ƙasa, zargin da aka wanke shi daga gare shi a 1906. Yau tana nufin wulaƙanci da tozarci, a yi wa mutum abin da bai dace a yi wa ɗan Adam ba. Kalmar doka ce: tana cikin sashe na 5 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, tana kuma cikin sashe na 34 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, wanda ya haramta azabtarwa da *inhuman or degrading treatment*. Saboda haka mai rubuta koke kan shugabansa a wurin aiki ya auna kafin ya ɗauke ta. Idan raina shawararka ya yi a taro, *belittled* ce gaskiyar abin. Idan ya sa ka durƙusa a gaban abokan aiki, to *degrading* ta dace, kuma ka faɗe ta ba tare da jin nauyi ba. Wanda ya kira ƙaramin abu da babban suna yakan sa a ƙi yarda da shi ranar da babban ya faru.

A kan abin da ba mutum ba kuwa, *degrade* lalacewa ce kawai ko raunanawa. Ƙasar noma tana *degrade* idan zaizaya da kwararowar hamada suka cinye ta. Haka kuma idan kakakin soja ya ce an yi *degrade* ɗin Boko Haram, nufinsa an rage musu ƙarfi, ba wai an ci mutuncinsu ba, kuma bai ce an gama da su ba.

*Decry* tana yawan fitowa a kanun jaridun Najeriya na Turanci, kuma kusan ba ta cikin wannan dangi ko da ƙamus ya sa ta. Asalinta shela ce da hukuma take yi a Faransa ta soke wani tsabar kuɗi. Yanzu tana nufin yin tir da abu a fili. *Residents decry poor roads* fassararsa mazauna sun koka da lalacewar hanyoyi, ko sun yi tir. Mai *decry* ba raina abin yake ba, girman matsalar ne ma ya sa yake ɗaga murya.

Akwai kuma waɗanda ba su da mugun nufi sam. *Underrate, undervalue* da *underestimate* kuskuren awo ne, mutum ya ɗauki abu ƙasa da yadda yake, sau da yawa ba tare da ya furta komai ba. Wanda ya yi *underestimate* ɗin abokin karawarsa kansa ya cuta, shi ake yi wa karin maganar ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. *Downplay* da *play down* kuwa na mai son a rage surutu ne, kamar jami'in da yake cewa matsalar ba ta kai yadda ake faɗa ba. *Trivialise* ta fi su laifi, don ita mayar da babban al'amari abin wasa ce, kamar a yi wa fyaɗe ko kisan jama'a riƙon sakainar kashi.

Iyaka ta ƙarshe da ya kamata a sani ita ce inda magana take shiga hannun alƙali. *Belittle* da *disparage* da *denigrate* suna bayyana hali ne, ba sunayen laifi ba ne a kundin doka. Sunan laifin shi ne *defamation*, daga *defame*, wato a yaɗa magana a kan mutum wadda za ta zubar masa da mutunci a idon jama'a, kuma ginshiƙinta ƙarya ce, shi ya sa gaskiyar magana take zama babbar kariya ga wanda aka yi ƙara. Idan a rubuce ne ko ta wata hanya mai ɗorewa ana ce masa *libel*, idan da fatar baki ne *slander*. A jihohin Arewa dokar Penal Code ta sa ɓata suna cikin laifuffuka, ban da ƙarar neman diyya da wanda aka ɓata zai iya shigarwa. Mu koma ga mutum na uku a misalin ajin matan nan: muddin yana cewa neman suna take, *denigrate* yake yi. Ranar da ya rubuta a Facebook cewa ta cinye kuɗin da aka tara wa ajin, alhali ba ta ci ba, ya shiga *libel*, kuma kalmar da lauyanta zai rubuta a takardar ƙara ke nan.